Likita rawar hannu kawai yake dubawa, mu kuma abin da ke hana mu barci daban ne

AutarBaba: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Mahaifinmu shekararsa 71, shekara shida kenan da aka ce yana da cutar Parkinson, ciwon ƙwaƙwalwar nan mai sa rawar jiki, yana shan levodopa, babban maganin ciwon, sau uku a rana da wata ƴar farar ƙwaya trihexyphenidyl. Duk zuwa asibiti abu ɗaya ne, miƙo hannu, buɗe ka rufe, tashi ka taka zuwa ƙofa ka dawo, sai likita ya ce da sauƙi a ci gaba da magani. To mu a gida yanzu rawar hannun ba ita ta dame mu ba. Sai ya kwana biyar bai yi bayan gida ba, in ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi, sau biyu yana faɗuwa a bakin banɗaki, cikin dare kuma ya dinga ihu yana kai naushi cikin barci har ya taɓa samun mahaifiyarmu a ido. Sabon abin da ya ɓullo kuma gane-gane ne, da yamma sai ya ce yaran waye zaune a bayan ƙofa, alhali ba kowa. Na yi bincike a intanet na tarar ashe akwai ƙa'idojin da aka rubuta wa likitoci kan irin waɗannan, har na ga na hukumar NICE ta Ingila. Shin likitoci suna bin su kuwa? Kuma in na buga a takarda na kai masa ba zai ɗauka raini ba ne?

Abu_Hanan: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai kar ki kai takarda. Na taɓa yi a kan tsohuwarmu, likitan ko kallonta bai yi ba ya ce tunda waya ta zama likita me ya kawo ku. Tun ranar na ja bakina na yi shiru.

zee_zee: ikon Allah wlh kamar labarin kakanmu kike bayarwa, mu duk mun dauka tsufa ne kawai ashe ciwon ne

MaiHarhadaMagani: Ƴar'uwa kafin a je maganar takarda, idona ya tsaya a kan trihexyphenidyl ɗin nan. Maganin yana rage rawar hannu, gaskiya ne, amma a jikin dattijo ɗan 71 shi kansa yana kawo taurin bayan gida, bushewar baki, riƙewar fitsari, mantuwa, rikicewar tunani da gane-gane. Kin ga biyu daga cikin abubuwa huɗun da kika lissafa suna iya zama shi ne ke ƙara musu wuta. Shi ya sa in mai Parkinson ya fara gane-gane, cikin magungunansa irin wannan ake fara tunanin janyewa, levodopa ce ta ƙarshe da ake taɓawa. Amma dan Allah kar ki karanta wannan ki je ki ɓoye masa ƙwayar yau da dare, a hankali ake rage ta kuma likita ne zai tsara.

Kawu_Iro: Ƴata, ni mai ciwon ne da kaina, shekara tara yanzu. Bari in gaya miki abin da ba a gaya min ba. Kusan shekara goma kafin hannuna ya fara rawa na daina jin ƙamshi, turare ma sai dai in ga mutane suna yabawa ni ko oho, ga cikin nan da ya ƙi tafiya, na sha magunguna har na gaji ba wanda ya haɗa su da ƙwaƙwalwa. Da aka gano ciwon ma na yi shekara uku ban taɓa gaya wa likita ina tashi fitsari sau biyar a dare ba, saboda a tunanina shi na jijiya ne, me ya haɗa shi da mafitsara. Shi bai tambaya ba ni ban faɗa ba. Ranar da ɗiyata ta saya min ɗan littafi na fara rubuta abin da ke faruwa da lokacinsa, daga nan ganin likita ya canza. Kar ki kai masa ƙa'ida, ita ya san ta ko ya san inda zai same ta. Ki kai masa abin da ba shi da hanyar sani sai ta bakinku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

AutarBaba: Kawu na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi Baba ma haka yake, da an shiga gaban likita sai ya gyara zama ya ce lafiya lau, in na buɗe baki ya harare ni.

Nas_Talatu: Wannan hararar mun san ta 😅 Ga wani abu da za ki iya yi tun yau in kuna da na'urar awon jini a gida. Ya kwanta minti biyar ki auna, sai ya miƙe tsaye kina riƙe da shi ki auna bayan minti ɗaya, ki sake bayan minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, to jininsa ne ke faɗuwa in ya tashi, kuma ya zama ruwan dare a Parkinson domin ciwon yana taɓa jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini in mutum ya miƙe. A asibiti yawanci a zaune ake aunawa sau ɗaya shi ya sa abin ke wucewa ba a gani ba. Ki yi da safe kwana uku ki rubuta. Kafin nan ya dinga zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya tashi, ya sha ruwa sosai in ba a hana shi ba saboda zuciya ko ƙoda, a kula da shi bayan ya ci ya ƙoshi da lokacin zafi, nan abin ya fi tsananta. Yana shan maganin hawan jini?

AutarBaba: Eh Anti, guda biyu ma, ɗaya mai sa fitsari ne. Tun kafin Parkinson ɗin yake shan su, wani likitan daban ke rubuta masa.

Nas_Talatu: To kin ji. Ki zuba duk magungunan gidan a leda ɗaya ki tafi da su, har wanda ya saya da kansa.

Sarkin_Gardama: Ni fa ku bar ni in faɗi gaskiya, waɗannan ƙa'idojin an rubuta su ne domin inda likita ke da rabin awa da kowane majinyaci ga nas ta musamman da za ka kira a waya. Je ka karanta, za su ce a ba da kaza in bai yi ba a ba da kaza, rabin magungunan ko sunansu mai kantin magani bai taɓa ji ba. Pimavanserin da Amurka ta amince da shi a 2016 domin gane-ganen Parkinson ƙasashe nawa ake samunsa? Droxidopa na faɗuwar jini fa? Likitan da layi ya kai mutum sittin a ƙofarsa ka ce ya bi littafi, ai an ɗora masa abin da ba zai iya ba.

Likitan_Jijiya: Malam Sarkin_Gardama rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba, lokaci da samun magani matsala ce a wurare da yawa. Amma ka duba matakin farko na kowane sashe a ƙa'idar NICE ta 2017, kusan duk ba sa buƙatar sabon magani. Kan gane-gane cewa ta yi a tambayi majinyaci da iyalinsa a duk zuwa, a duba ko akwai wata cuta da ta tayar da shi kamar ciwon mafitsara ko na huhu, sannan a duba magungunan da yake sha a rage wanda ake zargi. Har cewa ta yi in gane-ganen bai dami majinyaci da masu jinyarsa ba, ba sai an ba da magani ba. Sai bayan wannan ake zuwa quetiapine ƴar kaɗan, in ba a dace ba clozapine, wanda yana aiki sosai amma dole a dinga ɗibar jini ana gwadawa saboda yana iya kassara fararen ƙwayoyin jini. Ta kuma ce kar a ba da olanzapine. Kan faɗuwar jini ma haka, a fara da duba maganin hawan jini da masu sa fitsari kafin a yi zancen magungunan ɗaga jini, midodrine ko fludrocortisone. Inda muke faɗuwa, kuma da ni a ciki, wurin tambaya ne. Akwai takardar tambayoyi 30 ta eh ko a'a, NMSQuest, tun 2006 ake amfani da ita, majinyaci zai iya cikewa yana kan layi. AutarBaba ki nemo ta ku cike da mahaifiyarku, ta fi ƙa'idar amfani a hannunki. Ban ga Baba ba don haka ba zan ce ga abin da za a cire masa ba.

Sarkin_Gardama: To Likita ai su ma masu ƙa'idar ba su haɗa baki ba. Ƙungiyar masana Parkinson ta duniya, MDS, a bitar da ta fitar a 2019 ta ce hujjar quetiapine ba ta isa ba, ku kuma kuna fara ba da shi. Wanne za a bi?

Likitan_Jijiya: Ka yi karatu kam 😄 Haka ne, hujjar clozapine ta fi ƙarfi, amma quetiapine ya fi sauƙin bi tunda ba ruwansa da gwajin jini duk mako, shi ya sa ake fara gwada shi. Su MDS auna ƙarfin bincike suke yi, NICE kuma tana duba abin da zai yiwu a aikace. Kuma su MDS ɗin ma sun ce yana iya yin amfani. Inda duk suka haɗu ba gardama shi ne abin da bai kamata a bayar ba.

Malam_Shiru: Wannan na ƙarshen shi ya ci mu. Yayana yana da ciwon, ya kama amai aka kai shi wani asibiti da dare aka yi masa allurar metoclopramide, da ya fara fisge-fisge yana cire ƙarin ruwa aka ƙara masa haloperidol. Wallahi washegari mutumin da ya shiga da ƙafarsa ko juyi ba ya iya yi, ya sandare kamar itace, miyau ma ya kasa haɗiyewa. Ga shi sun riƙe levodopa ɗinsa wai sai lokacin rabon magani na ɗaki. Sai da likitansa ya zo ya yi faɗa. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Yanzu akwai kati a aljihunsa da na rubuta sunayen nan da prochlorperazine, wani maganin amai, cewa kar a ba shi su, duk inda za mu ni ke fara miƙawa.

MaiHarhadaMagani: Allah sarki. Dalili shi ne duk ukun suna toshe inda sinadarin dofamin ke aiki a ƙwaƙwalwa, shi kuwa mai Parkinson dama dofamin ɗin ne ya yi masa ƙaranci. In ana buƙatar maganin tashin zuciya domperidone aka fi amfani da shi tunda ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai, shi ma ana duba lafiyar zuciya tukun. Zancen lokaci kuma, a Ingila mizanin da aka sa shi ne majinyacin da aka kwantar ya samu levodopa cikin minti 30 na lokacin da ya saba sha.

zee_zee: dan Allah tambaya, ana gadon ciwon nan? dan ni ma bana zuwa bayan gida kullum, yanzu duk kun tsorata ni

Kawu_Iro: Hahaha ƴata kwantar da hankalinki, da duk mai taurin ciki Parkinson gare shi da rabin duniya na rawa. Mafi yawan masu ciwon ba gadonsa suka yi ba. Ni a danginmu kaf ni kaɗai ne.

Ummu_Sadiq: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da ba a taɓo ba kuma shi ya kusa kashe min aure. Maigidana an sa shi a pramipexole, wani maganin Parkinson, jikinsa ya yi kyau har muna murna, bayan wata kamar takwas sai mutum ya canza. Wanda ko sabon takalmi sai na matsa masa yake saya, ya koma sayen kaya ta waya dare da rana, agogo bakwai na ƙirga a durowa, daga baya na gano har caca yake yi a waya, ga wasu abubuwan na tsakanin miji da mata da ba zan iya rubutawa a nan ba. Na yi kuka na yi yaji na dawo, ni duk a zatona halinsa ne ya fito. Wata rana a gaban likita na fashe da kuka na faɗa, sai ya dafe kai ya ce maganin ne, ya ba mu haƙuri ya ce ya kamata tun ranar farko a gargaɗe mu. Haka aka yi ta rage shi kaɗan kaɗan wata da watanni, lokacin ragewar ma ya sha wuya, fargaba da gumi da baƙin rai. Yanzu ya dawo mutumin da na sani amma bashin har yau muna biya. Don haka ni in an ce ƙa'ida ba ta da amfani raina ɓaci yake yi, layi ɗaya da an karanta mana da ba mu shiga wannan ba.

Likitan_Jijiya: Hajiya sannu da haƙuri. Abin da kika faɗa yana rubuce ƙarara a ƙa'idar NICE, duk wanda za a fara wa pramipexole, ropinirole ko rotigotine a yi masa bayani shi da iyalinsa, da baki da kuma a rubuce, kan caca, yawan saye-saye, yawan ci da ƙaruwar sha'awa, kuma a dinga tambaya a duk zuwa domin majinyaci yakan ɓoye. Su ne kuma ke iya sa barci ya sace mutum ba shiri, mai irin wannan bai kamata ya yi tuƙi ba.

Abu_Hanan: Duk na ji, amma ni har yanzu ina kan bakana, ya danganta da likitan da Allah ya haɗa ka da shi. Wani ko littafin Kawu ka kai masa cewa zai yi ɗaya bayan ɗaya, yau rawar hannu muka zo dubawa.

DanAuta77: ni dai a ganina a saya masa maganin barci mai karfi kawai ya huta kowa ya huta, clonazepam naji ance yana yi

Nas_Talatu: A'a ɗan'uwa, garin neman gira za a rasa ido. Gaskiya ne clonazepam da melatonin su ne ake ambata wa wannan naushin cikin barci, amma dattijon da ke faɗuwa, ga jiri ga gane-gane, ka ƙara masa clonazepam ba tare da likita ba ai karayar ƙugu kake nema masa. Da yawa sukan fara da melatonin a irinsa. Abin da za a yi yau ba tare da ƙwaya ba, a kawar da tebur da duk wani abu mai kaifi ko gilashi daga gefen gado, a rage tsawon gadon ko a shimfiɗa katifa a ƙasa, Mama kuma ta ɗan matsa ko a sa matashi a tsakani. Kuma ku gaya mata ba da gangan yake yi ba, mafarkin yake aikatawa, mu in muna mafarki jiki a sake yake ba ya motsi, su wannan makullin ne ya lalace.

Kawu_Iro: Na dawo kan cikin nan domin an wuce shi da sauri, alhali ni a wurina shi ne uban tafiya. Levodopa ba a tumbi take shiga jini ba sai ta gangara ƙaramin hanji, in ciki ya cushe sai ka sha ƙwaya awa guda shiru kamar ka jefa dutse a rijiya. Duk ranar da na kwana uku ban fita ba, jikina ma ƙagewa yake yi. Macrogol ɗin da ake kaɗawa a ruwa shi ya taimake ni, da ruwa da ganye da ƴar tafiya kullum ko ba na so. Sannan na koyi raba maganin da nama ko ƙwai ko madara, ina sha kamar rabin awa kafin abinci domin furotin yana gasa da shi wurin shiga, maganin ƙarin jini ma ba na haɗa su lokaci ɗaya. Wani abu kuma da ba a faɗa, damuwa. Akwai lokacin da kullum wajen ƙarfe huɗu sai wani tsoro ya rufe ni ba dalili, ƙirji ya yi nauyi in ji kamar mutuwa zan yi, ashe ƙarfin ƙwayar rana ce ke ƙarewa. Littafin nan ne ya nuna, aka gyara lokutan sha abin ya ragu ba tare da an ƙara min wani magani ba.

MaiHarhadaMagani: Kawu ka fi wasu ɗalibanmu 👏 Sai dai kar wani ya ɗauka duk damuwa haka take, akwai ciwon damuwa na gaske a Parkinson da yake buƙatar nasa magani ko zama da masanin halayya. Kuma mai shan selegiline ko rasagiline, su ma magungunan Parkinson ne, ya tabbatar likita ya sani kafin a haɗa masa da maganin damuwa.

AutarBaba: Jama'a na dawo, mun je jiya. Awon da Anti Talatu ta ce na yi, a kwance 148/86, a tsaye bayan minti uku 112/70, kwana ukun duk kusan haka. Ban kai ƙa'idar ba, littafi na kai da ledar magunguna, na kuma roƙi Baba tun a mota ya bar ni in yi magana. Likitan ya yi shiru yana karantawa, ya ce me ya sa ba ku taɓa faɗa ba, na ce ba a taɓa tambaya ba, sai ya yi dariya. Ya sa an yi awon fitsari, ya rubuta wa mai duba hawan jinin takarda kan ƙwayar fitsarin, ya ba da macrogol, trihexyphenidyl kuma za a rage rabi rabi cikin makonni. Zancen barci ya ce sai mun dawo, ba ya son canza abubuwa da yawa lokaci ɗaya. Matsalar yanzu Baba ne, da ya ji an ce rawar hannun tana iya ƙaruwa sai ya ce shi bai yarda ba, yaran bayan ƙofa ba su tsare masa komai ba, amma hannu na rawa a gaban mutane shi ne abin kunya.

Sarkin_Gardama: To ga shi nan. Ƙa'idar da kanta ta ce in bai dame shi ba a ƙyale. Yanzu ra'ayin wa za a bi, nasa ko naku?

Ummu_Sadiq: Ta ce shi DA masu jinyarsa Malam, ka karanta abin da Likita ya rubuto da kyau. Matar da ke kwana da shi fa?

Likitan_Jijiya: Kuma ba gane-ganen kaɗai ake dubawa ba, akwai cikin da kuma tunaninsa nan gaba. Amma ra'ayin Baba ba abin yarwa ba ne, ku koma da wannan maganar tasa yadda ya faɗe ta, wataƙila a ɗan gyara levodopa ta rufe gurbin.

Abu_Hanan: Kin yi sa'ar likita wallahi. Namu sai dai addu'a.

zee_zee: Anti Talatu dan Allah zubar miyau fa, kakanmu har filo yake jikewa kuma kunya ta sa ya daina fitowa cikin mutane, shima akwai abinda ake yi ko hakuri ne kawai